Maɓallin da Fumino Ta Bari

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Kwana ashirin da huɗu. Injin yana kunne.

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da ya rage na aikin fim, tunda yanzu babu mai tuna mini. Shekara talatin da huɗu Fumino ce ke riƙe da komai a ka. Ni ina ɗakin gabas ina rubuta wa makaɗa arba'in abin da za su kaɗa, ita tana ɗakin yamma ta rufe ƙofa da injin sautinta. A ƙarshe a haɗa nawa da nata, a rubuta sunayenmu biyu a wutsiyar fim. 'Yan jarida suna cewa mata da miji masu kunne ɗaya. Ƙarya suke yi. Ko a kan gishirin miya ba mu taɓa shiryawa ba.

Kiɗa talatin da ɗaya darakta Ochiai ya sa mana a jerin wannan fim ɗin zane. Talatin mun gama su tun cikin zafi. Saura na ƙarshe, minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu: yarinya zaune a kan katangar bakin teku, tana jin uwarta mai sana'ar nutso, wadda ta shiga ruwa ba ta fito ba. Uwar ba ta magana ko sau ɗaya a fim ɗin. Injin Fumino ne muryarta.

Ranar waccan Asabar ɗin, a watan jiya, ta gama shirya sautin, na ji ta ta bango. Ba ta ɗauke shi a faifai ba. Ta ce sai Litinin.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Nagumo ta zo. Shekara ashirin ita ke ɗaukar mana sauti, mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta tsaya a bakin ɗakin yamma ta leƙa, ba ta shiga ba. Ni ma a nan nake tsayawa.

Injin ya girme wa aurenmu. Girmansa kamar kabad ɗin kaya, wayoyi ja da rawaya sun sarƙe masa gaba, maɓallan murɗawa sun fi ɗari. Ba ya ajiye komai a ka irin na kwamfuta. Yadda ka bar shi, haka muryarsa take. Fumino tana ce masa Tsoho, wai tsofaffi biyu take kiwo a gida, kuma shi ya fi ni jin magana. Bara da aka ɗauke wutar bene, kwana uku ta yi tana lallashinsa kafin ya farka, ya kuma farka da wata murya daban. Mai gyara ya ce abin da ke ciwo a cikinsa an daina ƙera shi, in aka sake kashe shi kada mu sa rai. Tun ranar ba a kashe shi ba.

Nagumo, da ke ce mini Sensei, wato Malam, kamar kowa, ta ce, "Sensei, kana cin abinci kuwa?"

Na ce ina ci.

"Me ka ci yau?"

Na ce ba sauti ta zo ɗauka ba ne? Ta ajiye mini dunƙulen shinkafa uku a kan tebur ta tafi.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Kwana talatin. An manna takarda a cikin lif. Lahadi 9 ga Nuwamba, daga tara na safe zuwa sha biyu, za a ɗauke wutar bene gaba ɗaya don binciken shekara-shekara.

Na mance da shi sam. Ita ce ke tunawa.

Na sauka wurin Kitazume mai kula da bene, na same shi yana share ganye.

"Kitazume-san, wannan takarda fa?"

"Ta kowace shekara ce, Sensei. Awa uku kacal. Ku dai kada ku riƙa buɗe firji."

"Wa yake maka zancen firji?"

Ya jingine tsintsiya. Ya ce ya san abin da nake nufi. Ya ce uwargida takan sauko tun saura wata guda ta wanke shi tas a kan Tsoho, sannan washegari ta aiko masa da waina ta shinkafa, shi kuwa bana har ya fara jiran faɗan. Sai ya shiga kallon tsintsiyarsa.

"Da ikona ne da na bar muku har sabuwar shekara. Doka ce. Masu duba wuta ba sa jin roƙo."

Na ce ya ɗaga da mako guda. Ya sunkuya ya ba ni haƙuri. Na ce kwana uku. Ya ƙara sunkuyawa. Na bar shi a sunkuye, abin da ban kyauta ba.

Saura kwana ashirin.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Injin yana kunne. Ta bango ina jin ɗan ƙuginsa, da shi nake barci.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ochiai ya zo cikin baƙar kwat. Ya durƙusa gaban farin akwatin da tokar Fumino ke ciki, ya kunna turare, ya haɗa tafukansa ya daɗe. Na ba shi shayi a kofin da ba nata ba. Muka yi zancen ruwan sama har shayin ya huce, sannan ya isa inda ya nufa.

"Sensei, na san ba lokacinsa ba ne. Lamba talatin da ɗaya."

Ya ce masu zane sittin suna kwana a ƙarƙashin teburansu, ranar goma ga Nuwamba dole a miƙa sauti a haɗa da hoto, ba ranar da za ta matsa. Ya nuna mini wurin a wayarsa. Har yanzu zanen fensir ne, ba launi, yarinyar ma a rabin wurin ba ta da fuska. Duk da haka sai da na kau da kai.

Sai ya ce, a hankali, wai a kwamfuta akwai sauti dubu irin na injin, Nagumo za ta iya zaɓo mafi kusa, don a sauƙaƙa mini.

Na ce masa a tashar Ogikubo ma akwai mata dubu masu furfura da tabarau, ya je ya zaɓo mini mafi kusa.

Kunnuwansa suka yi ja. Yaron kirki ne, ko da yake ya ba hamsin baya. Na ce ni zan kaɗa da hannuna a kan injinta, yadda ta bar shi, kafin ranar tara. Na faɗa da ƙarfi kamar wanda ya taɓa tsallake bakin ƙofar ɗakin.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An ɗauki na makaɗa yau. Mutum arba'in, ƙarfe ɗaya daidai kowa yana kujerarsa. Da na shigo suka miƙe gaba ɗaya suka sunkuya, ba wanda ya ce uffan. Na gode musu da hakan.

Mai algaita ya ba da sautin da kowa ke daidaita kayansa da shi, ɗari huɗu da arba'in da biyu a mizani, kamar kullum. Hasebe, shugabar masu goge, ta dube ni ta saman tabarau. Ajinsu ɗaya da Fumino tun makarantar kiɗa, kuma tun lokacin ba ta ganina da gashi. Makaɗan ba su taɓa ganin takardar kiɗan ba, amma mutanen nan da gani ɗaya suke kaɗawa. Sau biyu muka yi, na biyun ya yi.

A takardata akwai layi ɗaya a sama, na injin Fumino, wanda babu komai a kansa daga farko har ƙarshe. Hannuna ya riƙa ba shi izinin shigowa. Sau biyun duka.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na shiga.

Silifas ɗinta suna ƙarƙashin kujera, ɗaya ya kife, yadda masu gadon ɗaukar marar lafiya suka ture shi. Ban gyara ba. A kan injin akwai takardarta da fensir: sauti goma sha tara, a kan na ƙarshe ta zana wata 'yar kibiya mai kallon sama. Ƙara ƙarfi take nufi, ina jin.

Nagumo ta saki kiɗan jiya, na danna madanni na farko. Kai! Muryar ta fito kamar mutum yana waƙa baki rufe daga ɗaki na uku. Ita ce. Amma kafin daƙiƙa biyu kunnena ya tsaya. Ta yi ƙasa. Ba ta hau kan gogen ba, tana gogar su daga ƙasa har haƙorana suka yi tsami.

Nagumo ta duba mizani. "Ɗari huɗu da talatin da bakwai."

Kusan kwana arba'in ba mai taɓa shi, ya zame. Tsoho ya gaji.

"Abu mai sauƙi," in ji ta. Ta nuna babban maɓallin da ke hannun hagu, wanda fentinsa ya goge ta gefe ɗaya. "A ɗan murɗa wannan kamar faɗin ƙwayar shinkafa, shi ke nan."

Na ce ta janye hannunta.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Wannan maɓalli shi ne abu na ƙarshe da yatsunta suka taɓa a gidan nan. Ko da ya zame ta ciki, ta waje yana inda ta bar shi. Wannan ne ba su gane ba.

Na buga wa Ochiai waya na ce a sake tara makaɗa, su sauko su daidaita da injin. Ya ce mutum arba'in ɗin sun watse wasu ayyuka, kafin a sake haɗa su sai tsakiyar Nuwamba. Na ce ya nemo su. Ya ce, "Sensei…" Na kashe.

Nagumo ta dawo da wata dabara, wai in kaɗa a haka, ita ta ɗaga shi a kwamfuta. Ta gwada mini da sauti ɗaya. Ya hau daidai, ya fito sumul kamar ƙarar lif. Na ce wannan ba Fumino ba ce, wannan ma'aikaciyar banki ce.

"To me kake so, Sensei? Kada a murɗa, kada a gyara, kada a kashe. Ni ma shekara ashirin na yi da ita, ba kai kaɗai aka yi wa rashi ba!"

Na ce ta fita mini daga gida. Ta fita. Ta ma jera silifas ɗin baƙi a bakin ƙofa kafin ta ja ta.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, tsakar rana

Kwana arba'in da uku. Yana kunne. Na dafa shinkafar mutum biyu, ban lura ba sai da na zuba.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Hasebe ta zo ba sanarwa, da kanya biyar a leda. Ta kunna turare, ta yi wa farin akwatin magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Sannan ta juyo kaina.

"Shinpei, an ce ka kori Nagumo."

"Wa ya ce?"

"Duk garin Tokyo. Kai dai ba ka canza ba, sai dai gashi. Nuna mini."

Na kai ta ɗakin. Ita ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta wuce kai tsaye ta zauna a kan ƙaramar kujerar da ke lungu, irin zaman wanda ya saba. Ashe duk ranar da nake situdiyo nan take zuwa su sha shayi. Na danna mata sautin, na ce ya zame zuwa talatin da bakwai.

Ta yi dariya har da tari.

"Ya zame? Wa ya gaya maka ya zame? Nan take ajiye shi. Kullum. Tun ranar da kuka fara aiki tare."

Na ce ba zai yiwu ba, da na ji. Ni da nake jin goge ɗaya ya kauce cikin goge ashirin.

"Ai kunnen naka ne ya hana ka ji. Kuskure kake nema, ita kuwa ba kuskure take yi ba." Ta ɗauki takardar ta sa farce a kan 'yar kibiyar. "Wannan me ka ɗauka?"

"Ƙara ƙarfi."

"Kash! Shekara talatin da huɗu. Da hannun dama take kaɗawa, na hagu yana kan wancan maɓallin. Ta fara daga ƙasa, ta bi ku a baya har ƙarshe, a sautin ƙarshe ta murɗa a hankali har ta hau kan gogenmu. Ka ɗauka me ya cinye fentin? Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, 'Shinpei yana son kowa ya zo kan lokaci ya tsaya a layi. Ni kuwa sai in bar shi ya ɗan jira ni, a ƙarshe in iso.'"

Sai na tuna. Ranar da zan kai ta gidanmu a ganta, minti arba'in na yi a tashar jirgi ina jiranta, ina zagin agogo.

Hasebe ta tashi ta gyara gyalenta. "Ba ta bar maka shi don ka yi gadinsa ba. Rabin aiki ta yi, saura rabin. In ba ka murɗa ba, uwar yarinyar nan ba za ta iso ba." A bakin ƙofa ta ƙara da cewa in ci kanyar yau, sun nuna sosai, kada in bar su su ruɓe don taurin kai.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Tun safe nake jin tsofaffin ayyukanmu, fim goma sha ɗaya. Tana nan a cikin kowanne. Ta taso daga ƙasa, a ƙarshe ta iso. Ni kuwa duk shekarun nan in mutane sun ce ƙarshen kiɗanmu yana sa su kuka, sai in sunkuya in karɓa, a raina ina cewa gogena ne.

Kunya nake ji. Kuma haushinta nake ji, da ba ta taɓa gaya mini ba. Kuma na san da ta gaya mini da na ce ta gyara.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Na je har ofishin Nagumo da kwalin alewar wake. Na sunkuya, na daɗe a sunkuye. Ta ce in ɗago kafin bayana ya riƙe ta rasa mai ɗaukata.

Na ce sau ɗaya za mu yi. Ta ce ba dole ba ne, da mizani za ta iya mayar da shi talatin da bakwai sau goma in ina so. Na ce lambar za ta dawo, amma daga nan hannuna ne ya ajiye shi, ba nata ba. Ta ce ta ji.

Na yini ina koyon sauti goma sha tara da hannun dama. Na hagu na cusa shi a aljihu.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu da rabi

An yi.

Na zauna a kujerarta, na sa abin kunnenta. Ya matse ni, kuma yana ƙanshin man gashinta. Na ɗora babban yatsana a inda fentin ya goge, wurin ya fi yatsana ƙanƙanta. Nagumo ta saki hoton da kiɗan. Yanzu an sa launi, yarinyar ta sami fuska.

Minti biyu na yi ina kaɗawa a ƙasa da gogena, kunnena yana ihu in gyara. Ban gyara ba. Sautin ƙarshe daƙiƙa tara ne. Da na isa, hannun hagu ya ƙi. Na ji gogen sun fara janyewa, yarinyar ta fara ɗago kai, ni ina riƙe da maɓallin kamar an ɗaure ni. Sai na murɗa. Rawar da ke tsakanin muryoyin biyu ta riƙa lafawa, tana lafawa, har ta tsaya cak. Suka zama ɗaya. Bai fi numfashi biyu ba gogen suka ɗauke.

Nagumo ta daɗe tana kallon allonta. Sannan ta ce, da muryar aiki, "Ta makara da daƙiƙa ɗaya da rabi. A sake?"

Na ce, "Bar ta. Kullum haka take."

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye. Ni ma ban san lokacin da na kife kaina a kan injin ba. Yana da ɗumi.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Kwana arba'in da tara, ranar da al'ada ta ce a kai ta makwancinta. Na ɗauki farin akwatin a kan cinyata cikin tasi har haikali. An yi karatu, an ɗaga dutsen kabarin zuri'armu, an sa ta kusa da mahaifiyata, su da ba su taɓa shiri ba. Hasebe ta zo, Nagumo ta zo. Ochiai ya zo da idanu jajur, ya ce ya ji lamba talatin da ɗaya jiya, ba zai taɓa ko daƙiƙa ɗaya ba, hoton zai ja ya jira ta.

Na dawo, teburin da akwatin yake a kai babu komai sai kanya ɗaya.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, tara saura minti goma na safe

Fumino ta rasu ranar Lahadi, 21 ga Satumba, da safe, a kan wannan kujera. Ban taɓa rubutawa ba sai yanzu.

Na juya silifas ɗin da ya kife, na jera shi da ɗan'uwansa. Na goge wa Tsoho ƙura, na yi masa godiya da baki, ba na jin kunyar faɗa. Sannan na sa hannu ta bayansa na kashe. Fitilar ta ɗan daɗe kafin ta mutu. Ban san gidan nan yana da shiru haka ba.

Kitazume ya ƙwanƙwasa yanzun nan, hularsa a hannu, wai ya zo ya gaya mini saura minti biyar, in akwai abin da zai iya yi.

Na ce ya je su ɗauke, na riga su. Na ba shi kanyar.